Nauyin da ya dace da ɗan tsere: Darasi daga gasar Ironman

A watan Fabrairun 1978, mutum 15 suka taru a bakin teku a tsibirin Oahu da ke jihar Hawayi ta Amurka. Sun yi iyo na kilomita 3.8, suka fito suka tuƙa keke kilomita 180, suka sauka suka yi gudun fanfalaki na kilomita 42.2, duk a jere ba hutu. Mutum 12 ne suka kai ƙarshe, kuma Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. Wannan ne mafarin gasar Ironman, wadda a yau ake yin ta a ƙasashe da dama. Gudun ƙarshe kaɗai daidai yake da zagaya filin tsere mai mita 400 sau 105 da rabi.

Wanda zai ɗauki jikinsa tsawon wannan tafiya dole ya tambayi kansa: kilo nawa ya kamata in kasance? Da yawa sukan ɗauka cewa ramewa ita ce sirrin. Lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin kowane ɓangare na gasar da irin jikin da yake so.

Wasa uku, buƙata uku

A cikin ruwa, ɗan kitse yana da amfani, domin yana taimaka wa jiki ya taso sama, yana kuma kare shi daga sanyi. A kan keke, idan hanya shimfiɗaɗɗiya ce, babban abokin gaba shi ne iska, kuma mai kaurin cinya da ƙarfin taka feda shi ke cin riba. Da an fara hawan tudu sai lissafi ya juya, kowane kilo ya zama kaya. A wajen gudu ne nauyi ya fi nuna kansa, saboda ƙafa ce ke ɗaukar jiki a kowane taku, ga shi babban jiki ya fi wahalar fitar da zafi. Idan ɗan wasa ya rame don gudu ya yi masa sauƙi, yana iya rasa tsokar da za ta ja keke na awa huɗu ko biyar.

Dubi zakaru biyu. Jan Frodeno na Jamus dogo ne siriri, tsayinsa mita 1.94. Ya ci zinare a gasar Olamfik ta 2008, ya kuma lashe kambun duniya na Ironman a garin Kona na Hawayi a 2015 da 2016 da 2019. Kristian Blummenfelt na Norway kuwa bai kai shi tsayi ko kusa ba, kakkaura ne mai faɗin ƙirji, har wasu kan ce bai yi kama da ɗan tsere ba. Duk da haka ya ci zinare a Olamfik ta Tokyo a 2021, ya ƙara da kambun duniya na Ironman a watan Mayun 2022. Siffa daban, nasara ɗaya.

Abin da sikeli ba ya faɗa

Sikeli yana ba da lamba ɗaya tak, bai san bambancin kitse da tsoka da ruwa ba. Lita ɗaya ta gumi kilo ɗaya ce, don haka wanda ya hau sikeli bayan atisaye ya ga ya ragu, ruwa ya rasa. Haka kuma jiki yana adana sukarin da yake aiki da shi a tsoka da hanta, kuma kowane giram nasa yana riƙe da kusan giram uku na ruwa. Mai ƙaurace wa shinkafa da burodi na 'yan kwanaki zai ga nauyinsa ya sauka, alhali tankin mansa ne ya zube.

Hatsarin tsere da yunwa

A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da bayani kan wata matsala da ya kira RED-S, wato ƙarancin kuzari a jikin ɗan wasa. Tana faruwa idan abincin da ake ci bai kai yawan aikin da ake sa jiki ba. Sai jiki ya fara tsimi: ƙashi ya yi rauni ya riƙa tsagewa, garkuwar jiki ta ragu, jinin al'ada ya ɗauke wa mata, gajiya ta ƙi ƙarewa. Matsalar tana kama maza ma.

Mary Cain, 'yar tseren Amurka da ta yi suna tun tana sakandare, ta bayyana a 2019 cewa matsin lambar rage nauyi ya sa al'adarta ta ɗauke shekara uku, ta kuma karya ƙashi biyar. Ita ma Chrissie Wellington ta Birtaniya ta rubuta a tarihin rayuwarta yadda ta yi fama da cutar ƙin cin abinci a ƙuruciya. Sai bayan ta shawo kan wannan matsala ne ta lashe kambun Kona sau huɗu, a 2007 da 2008 da 2009 da 2011.

Ina ruwan ɗalibi?

Ba a shiga Ironman sai an cika shekara 18, amma darasin ya shafi duk mai gudu ko ƙwallo a makaranta. A shekarunku ne jiki ke gina mafi yawan ƙashin da za ku rayu da shi har tsufa, kuma wanda ya tauye kansa yanzu zai sha wuyar cike giɓin nan gaba.

Saboda haka ku auna kanku da agogo da kuma yadda jiki ke ji. Shin lokacinku yana inganta? Kuna barci sosai? Kuna fahimtar karatu a aji? Kuna farfaɗowa da wuri bayan atisaye? Idan amsar e ce, kuna kan nauyin da ya dace da ku. Ku karya kumallo kafin fita, ku ci abinci bayan atisaye, ku haɗa da wake, ƙwai, gyaɗa, nono da ganye, ku sha ruwa isasshe. Idan kuwa jiri ya yawaita, ko ƙashin ƙauri ya riƙa ciwo a wuri ɗaya, ko al'ada ta ɗauke wata uku a jere, a gaya wa iyaye da malamin wasanni, a je asibiti.