Abin da hanjin ɓera ke gaya mana game da taifot

Likitocin tiyata a arewacin Ghana sun saba da wannan: yaro ya yi mako biyu ko uku yana zazzaɓin taifot, sai ciki ya kumbura, a buɗe a tarar hanji ya huje. Kuma kusan kullum hujin a wuri ɗaya yake, can ƙarshen ƙaramin hanji, dab da inda ya haɗu da babba. Me ya sa nan?

Amsar tana cikin yadda garkuwar jiki ta raba aiki a tsawon hanji, kuma yawancin abin da aka sani a kai daga ɓerayen ɗakin bincike aka samo shi. Farkon ƙaramin hanji wurin tsotse abinci ne, ƙwayoyin bakteriya kaɗan ne a wurin. Masu gadin wannan yanki an hore su da haƙuri, don kada jiki ya ɗauki tuwo ko madara a matsayin abokin gaba. Idan aka gangara ƙasa, bakteriya na ƙaruwa har su kai biliyoyi a kowane giram cikin babban hanji, masu gadin ma sai halinsu ya sauya.

A 2019 masu bincike a Jami'ar Rockefeller ta Amurka sun nuna cewa ƙulle-ƙullen garkuwa, irin waɗanda ke kumbura su zama kaluluwa, ba halinsu ɗaya ba. Masu kula da saman hanjin ɓera sun fi koyar da lumana, na ƙasa kuwa sun fi saurin tayar da faɗa. Sun kuma ga cewa tsutsar ciki da ta zauna a saman hanji tana ɓata wannan lumana.

A ƙarshen ƙaramin hanji ne tarin ƙwayoyin garkuwa da ake kira facin Peyer suka fi yawa a jikin mutum. Sunan wani likitan Suwizalan ne da ya bayyana su a 1677. Aikinsu ɗanɗana duk abin da ya wuce, su kai rahoto. Ƙwayar taifot ta wannan ƙofa take shiga. Wurin ya kumbura, ya zama gyambo, wani lokaci ya fashe.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Ƙwayar taifot ɗinmu ba ta kama ɓera, da 'yar'uwarta ake gwajin, don haka a yi hattara da duk mai tallan maganin “wanke hanji” da sunan irin wannan bincike.

Ga mazauna Makango da ke ɗiban ruwan tafkin Volta, da na zangon Salaga, Yendi da Bawku masu dogaro da rijiya, ƙwayar ta ruwa da abinci take zuwa. A tafasa ruwan sha. Zazzaɓin da ya wuce kwana uku ba ya jin maganin maleriya, musamman in ciwon ciki ya biyo baya, a kai shi asibiti a ranar.