Kafin Ki Kai Jarinki Wata Ƙasa, Uwargida

A 'yan shekarun nan da wuya ki shiga gidan biki ko na suna ba ki ji ana hirar wance ta buɗe shago a Dubai ba, ko wance ta koma Kwatano da harkar atamfa, ko kuma wance tana shirin kai turaren wuta da humra Ghana. Mai sauraro sai zuciyarta ta ɗarsa mata cewa ita ma da za ta sayar da gwala-gwalanta, ta haɗa da ɗan gadon da ta samu da kwasar adashe, ai da ta tsallaka ta gwada sa'arta. Neman halal abin yabo ne, kuma mata sun daɗe suna fatauci a ƙasar Hausa. Sai dai jarin da aka yi shekaru ana tarawa yana iya narkewa cikin wata shida idan aka kai shi ƙasar da ba ta dace ba. Saboda haka ga wasu abubuwa da ya kamata ki auna tun kafin ki yanki tikiti.

Ƙasar saro daban, ƙasar zama daban

Abu na farko, ki raba tsakanin ƙasar da ake zuwa saro kaya da ƙasar da ake kafa sana'a. Hajiyoyin da kike gani suna zuwa Dubai ko birnin Gwanzu na ƙasar Sin, mafi yawansu sari suke zuwa yi, su yi mako ɗaya ko biyu su dawo, shagonsu kuwa yana nan a Kantin Kwari ko a cikin gidansu. Ribarsu tana fitowa ne daga sanin da suka yi wa masu sayensu na gida: wane leshi ake yayi, wane lokaci ake haɗa lefe, wace ce mai biyan bashi, wace ce ba ta biya. Idan kika ɗauki shagon kika mayar da shi can inda ake sarin, kin bar wannan sanin a baya, kin kuma shiga gogayya da mutanen da suka fi ki jari, suka fi ki sanin gari. Don haka ki fara tambayar kanki, shin kaya nake nema ko kasuwa? In kaya ne, tafiya ta ishe ki. In kasuwa ce, to ki ci gaba da karatu.

Shin doka ta yarda ki mallaka da sunanki?

Kowace ƙasa tana da sana'o'in da ta keɓe wa 'ya'yanta, kuma abin mamaki, mafi yawansu irin waɗanda mata suka fi yi ne. Ki ɗauki Ghana, inda muke da 'yan uwa Hausawa a zangon Kumasi da unguwar Nima ta birnin Ankara. Dokar zuba jari da ƙasar ta yi a 2013 ta hana baƙo yin ƙaramin ciniki a kasuwa, ko talla, ko buɗe wurin gyaran gashi da kwalliya, ko yin ruwan leda. Baƙon da ke son harkar saye da sayarwa kuwa, dokar ta ce sai ya zo da jarin dalar Amurka miliyan 1, ya kuma ɗauki 'yan ƙasa aƙalla 20 aiki. Da wannan doka aka kafa hujja aka garƙame shagunan 'yan Najeriya da dama a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020, wasu suka yi watanni a rufe da kaya a ciki. A 2025 gwamnatin ƙasar ta bayyana niyyar sassauta sharaɗin jarin, wanda ke nuna miki cewa irin waɗannan dokoki suna sauyawa, dole ki nemi wadda ke aiki a ranar da za ki motsa.

A Saudiyya kuma, inda zukatanmu suka fi karkata, bizar Hajji ko ta Umra ba ta ba mutum izinin yin kasuwanci. Wata dabara da aka daɗe ana yi ita ce baƙo ya zuba kuɗinsa, a rubuta shagon da sunan ɗan ƙasa. Hukuma tana kiran wannan tasatturi, wato ɓoye mai dukiya na gaskiya, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai riyal miliyan 5. Ko ba a kama ki ba, ki tuna takarda ta ce shagon nasa ne. Ranar da kuka ɓata, ko ya rasu magada suka zo, ba ki da bakin magana a gaban alƙali.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fi sauƙi ta wannan fuska, domin tun 2021 baƙo yana iya mallakar kamfani shi kaɗai a mafi yawan sana'o'i ba tare da ɗan ƙasa ba. Amma sauƙin rajista ba ya nufin arha. Lasisi a kowace shekara ake sabunta shi, hayar shago da ta gida da dirhami ake biya, akwai harajin kashi 5 cikin ɗari a kan ciniki tun 2018, sannan daga Yunin 2023 aka ɗora harajin kashi 9 cikin ɗari a kan ribar da ta haura dirhami 375,000. Masu tallar cewa Dubai babu haraji, labarin da suke ba ki ya tsufa.

Hanyar shiga da fita

Abu na gaba, ki duba ko za ki iya zuwa wurin dukiyarki duk ranar da kika so. A watan Oktoban 2022 Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza, ba a dawo da ita ba sai Yulin 2024. Ki ƙaddara kina da shago a can kuma ba ki da takardar zama, ashe kusan shekara biyu sai dai ki ji labarin shagonki ta waya.

Maƙwabta ma ba su tsira daga irin wannan ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar da ke cikin ƙungiyar ya yi kwana 90 babu biza, amma duk da haka Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019. An buɗe Illela da Maigatari da Seme a Disambar 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyaka, manyan motoci suka yi jerin gwano, kayan gwari suka ruɓe a ciki, har zuwa Maris ɗin 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar.

Iyaye da kakanni za su iya ba ki labarin abin da ya fi wannan. A 1969 gwamnatin Busiya ta Ghana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice, Hausawa da Yarabawa da yawa suka baro gidaje da rumfunan kasuwa. A 1983 Najeriya ta yi wa 'yan Ghana irin haka. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 shi ma ya raba dubban mutane da shagunansu a Khartum. Baƙo a ko'ina raɓa ne, kuma idan iska ta juya shi ake fara taɓawa. Takardar zama ta halal da rajista da sunanki su ne kariyarki.

Kuɗin ƙasar yana riƙe darajarsa?

Ribar da kika ci da wani kuɗi, da wani kuɗin za ki kashe ta, don haka canji ma abokin kasuwancinki ne ko kin so ko kin ƙi. A farkon Yunin 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Matar da jarinta ke cikin naira tana shirin biyan haya a waje, ta wayi gari kuɗinta ba ya sayen rabin abin da yake saye a da. A Ghana kuwa hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disambar 2022.

Sefa ta fi waɗannan natsuwa, domin an ɗaure ta da kuɗin Turai, yuro ɗaya a kan sefa 655.957, kamar yadda aka ɗaure dirhami da dala. Wannan ne ya sa mai sayarwa a Maraɗi ko Damagaram ko Garwa take ganin auki idan ta canzo kuɗinta zuwa naira. Amma ki sani sefa iri biyu ce: ta Nijar da Benin da Togo daban, ta Kamaru da Chadi daban, duk da darajarsu ɗaya. Kuma ita ma an taɓa karya ta da rabi dare ɗaya a Janairun 1994. Abin lura shi ne, wadda ke saro kaya da kuɗi mai rauni tana sayarwa da mai ƙarfi ita ce ke da riba. Wadda ke biyan haya da albashi da kuɗi mai ƙarfi alhali jarinta mai rauni ne, wahala ke jiran ta.

Wa zai saya, kuma da wane baki?

Kilishi, yaji, dambun nama, turaren wuta, ɗinkin hula da lalle suna da kasuwa a duk inda Bahaushe yake, sai dai ki bincika ko wata ba ta riga ki ba, kuma nawa take sayarwa. Harshen kasuwa da na ofis ma ba ɗaya ba ne. A Yamai za ki yi ciniki da Hausa lafiya lau, amma takardar rajista da ta haraji da ta haya za ki tarar da su da Faransanci, kada ki sa hannu a kan abin da ba a fassara miki ba. Hatta lissafi ya bambanta: a Nijar idan aka ce dala ana nufin sefa 5, jaka kuwa sefa 1,000. Ƙasashen Nijar, Benin, Togo, Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashe 17 da ke bin dokar kasuwanci guda mai suna OHADA, wanda ke nufin idan kin fahimci tsarin ɗaya, na sauran ba zai ba ki wuya ba.

Kada kuma ki dogara da jerin sunayen ƙasashen da aka ce sun fi sauƙin kasuwanci. Shahararren jerin da Bankin Duniya yake fitarwa, bankin da kansa ya dakatar da shi a 2021 bayan an gano an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe. Hira da mata uku da suka yi shekara biyar suna sana'a a garin ta fi miki amfani. Ki tambaye su abin da suke biya a wata, da wanda ke zuwa karɓa, da kuma abin da ya kori waɗanda suka tashi.

Gida fa?

Ke matar aure ce kuma uwa, saboda haka lissafinki bai ƙare a kan riba ba. Maganar nan da maigida za a fara ta, a kuma gama ta da yardarsa. Idan tafiya za ki riƙa yi, wa zai raka ki, wa zai kula da yara, me zai faru da makarantarsu ta boko da Islamiyya? Idan kuma wakili za ki sa, ko da ƙaninki ne uwa ɗaya uba ɗaya, a rubuta nawa kika ba shi, nawa ne rabonsa, yaushe za a yi lissafi, a kuma kafa shaidu kamar yadda addini ya koyar a sha'anin bashi. Zumunci da yawa ya lalace a kan shagon da mai shi ba ta gani da idonta. Masu iya magana sun ce idon mai dukiya shi ne taki.

To ina za a dosa?

Ki dubi matan birnin Lome na ƙasar Togo da ake kira Nana Benz. Daga shekarun 1960 zuwa na 1980 sun riƙe cinikin atamfar Holan a yammacin Afirka, har suka yi suna da hawan Marsandi. Suna zaune a kasuwar garinsu, kaya na zuwa musu daga Turai, masu saye na zuwa daga ƙasashe maƙwabta. Ƙarfinsu shi ne sanin zanen da mata ke so, da kuma tsayawa a inda babu mai ce musu baƙi.

Ga mafi yawanmu, hanyar da ta fi tsira ke nan: a kafa tushe a gida, a miƙa hannu waje. Tun da aka yi dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya tak yana iya yin rajistar kamfani a hukumar CAC. Idan abinci ne ko kayan shafa, ki nemi lambar NAFDAC, idan kuma fitar da kaya za ki yi, ki yi rajista da hukumar NEPC. Daga nan sai ki gwada ƙasar da kike hange da ɗan kaya kaɗan ta hannun amintacciya mai shago a can, ki ga yadda za su shige da yadda kuɗin zai dawo, sau uku ko huɗu, damina da rani. Abin da za ki gwada da shi ya zama wanda in ya salwanta tukunyar gidanki ba za ta sauka ba.

Idan gwaji ya yi kyau, doka ta yarda ki rubuta sunanki, hanya a buɗe take, kuma iyali sun amince, sai ki yi istihara ki tsallaka da ƙarfin gwiwa. Matar da mijinta ke aiki a wata ƙasa kuma tana da takardar zama, ita lissafinta ya fi sauƙi, illa ta tabbatar takardar tata ta ba ta izinin yin sana'a. Allah Ya sanya albarka a neman kowa, Ya tsare mana dukiya da mutunci.