Gem na tsalle-tsalle a laftof bayan fomatin? Ba lallai katin girafik ne ya mutu ba

Yawancin laftof ɗin gem da ke hannun matasa a Mabai da sauran garuruwan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa 'yan gwanjo ne, an sayo su a Funtua ko Malumfashi, ko a Kano wajen Farm Centre da titin Beirut. Wasu ma jari ne: a jona laftof da talabijin, a ajiye abin riƙewa biyu, yara su biya kuɗin wasan PES. Ranar da 'yan wasa suka fara tafiya kamar cikin taɓo, ko gem ya ƙi buɗewa ya nuna saƙon kuskure mai ɗauke da sunan Direct3D, ciniki ya tsaya. Abu na farko da mai gyara zai ce shi ne katin girafik ya ƙone. Sau da yawa katin lafiyarsa lau, Windows ce ta daina aiki da shi.

Gano hakan ba ya cin ko kobo. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta dxdiag, a shiga shafin Display. A ƙasa akwai layukan DirectDraw Acceleration da Direct3D Acceleration. Idan an rubuta Enabled, alama ce mai kyau, amma ba ita kaɗai ke tabbatar da cewa katin na aikinsa ba. Idan an ga Not Available, to babban injin kwamfutar, wato furosesa, shi ke fama da zana hotunan shi kaɗai, aikin da ba don shi aka ƙera shi ba. Wasu tsofaffin bayanai a intanet na cewa a danna Enable a wannan shafin. Wannan maɓalli na zamanin Windows XP ne, an cire shi tun daga Vista, kada a ɓata lokaci wajen nemansa.

Sai a duba sunan na'urar a saman shafin. Idan sunan Microsoft Basic Display Adapter ne, an kama ɓarawo. Wannan direban wucin gadi ne da Windows ke ɗorawa don allo ya nuna hoto kawai idan ba ta samu direban katin ba. Yana da alamomi biyu da ake gani ko ba a buɗe komai ba: hasken allo ya ƙi ƙaruwa ko raguwa, talabijin kuma ya ƙi karɓar hoto ta HDMI. Kusan kullum bayan fomatin abin ke faruwa. Mai gyara ya ɗora Windows daga filashi, babu intanet a shagon, kwamfuta ta tashi, ya miƙa ta. A gari mai ƙarfin sabis Windows Update kan sauke direban da kanta. A ƙauye ba ta samun wannan damar, balle idan Windows ɗin irin wadda aka yanke wa sassa ce don ta yi sauƙi, domin a irinsu sau da yawa an kashe sabuntawar gaba ɗaya.

Maganin shi ne direba na asali, kuma akwai tsari. Yawancin waɗannan laftof ɗin kati biyu gare su: ƙaramin na Intel da ke cikin furosesa, da babban na Nvidia ko AMD. A tsarin Optimus da Nvidia ta fito da shi a 2010, allon laftof na rataye ne a kan na Intel, babban katin yana zanawa ya miƙa masa. Saboda haka direban Intel ake fara sawa, daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, a sake kunnawa, sannan a sa na Nvidia. Wajen nema a bi ainihin sunan katin, a zaɓi na laftof, domin GTX 960M da GTX 960 ba abu ɗaya ba ne. Wannan tsarin ne kuma ke sa dxdiag ya nuna Intel a shafin Display, ya ajiye Nvidia a shafin Render. Mutane da dama na ganin haka su ɗauka an damfare su.

Direban Nvidia kan kai ɗaruruwan megabayit, ba ƙaramar data ba ce. Duk wanda ya sauke ya adana a filashi. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, sai bayan watanni aka buɗe. Wanda kwamfutarsa ta buƙaci direba a wannan tsakanin, sai dai ya yi tafiya.

Idan direba na nan amma har yanzu babu daɗi, a shiga Device Manager, a buɗe Display adapters. Ƙaramar kibiya mai kallon ƙasa a jikin sunan katin na nufin wani ya kashe shi, lambar kuskurensa 22, danna Enable device kawai ya isa. Alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa da lamba 43 ta fi nauyi: Windows ta dakatar da katin ne saboda ya kawo ƙorafi. Nan ma ba a yanke hukunci tukuna. A shiga Safe Mode, a share tsohon direba kakaf da manhajar DDU, a ɗora sabo. Idan lamba 43 ta dawo bayan direbobi biyu ko uku daban-daban, musamman in allo na fitar da layuka ko ɗige-ɗige masu launi, a lokacin ne maganar mutuwar kati ke da tushe.

Akwai kuma wanda komai nasa ke Enabled, gem ɗin ne ya kama ƙaramin kati. A Windows 10 da 11 a bi Settings, System, Display, Graphics, a ƙara gem ɗin, a zaɓa masa High performance.

Sauran matsalar ta wuta ce, kuma a yankin da ake rayuwa da sola da janareta ita aka fi rainawa. Laftof ɗin gem na rage ƙarfin kati da zarar ya koma kan batir, wasu ma sukan taƙaita gem a hoto 30 cikin daƙiƙa. Caja ma na da magana. Kwamfutar da ke son wat 130 ko 180, aka haɗa ta da cajar wat 65 a kasuwa, za ta nuna tana caji amma ba za ta saki ƙarfinta ba. Cajojin Dell da HP masu faɗin baki suna da siririn tsinke a tsakiya, ta nan kwamfuta ke gane ƙarfin cajar. Idan ya karye ko cajar jabu ce, sai ta ja birki. A Dell ana iya tabbatarwa: a danna F2 lokacin kunnawa, BIOS zai nuna wat nawa ya gani, ko ya rubuta Unknown.

Idan kuwa gem na farawa lafiya sai bayan minti goma ya fara nauyi, zafi ne. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin Afrilu ya zo ya same ta a haka. A kwance bayan laftof ɗin a goge fankar da buroshi mai laushi, a canza man da ke kan furosesa da katin idan ya bushe, a daina ɗora ta kan katifa ko darduma.