Manhajar Kwamfuta a Wayar Hannu: Tafinta ko Sabon Gini?

Ɗalibin da ke karatun zanen gine-gine ko safiyo a reshen Kaduna Polytechnic na Barnawa yana buƙatar AutoCAD. Mai shagon buga katin biki a Sabon Tasha ko Kakuri da CorelDRAW yake cin abinci. Duka biyun don kwamfuta aka yi su, ita kuwa kwamfuta, ko ta gwanjo ce, kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Abin da ke aljihun kowa waya ce. Shi ya sa matasa ke ta tambayar ko wayar za ta ɗauki aikin kwamfuta. Hanya biyu ce, kuma ba abu ɗaya suke bayarwa ba.

Ta farko ita ce a ɗauko manhajar yadda take, a sa mata tafinta. Manhajar Windows an rubuta ta ne don ƙwaƙwalwar Intel ko AMD, waya kuwa ƙwaƙwalwar ARM gare ta, kuma Android take gudanarwa. Saɓanin hawa biyu ne ke nan. Wine, wanda aka fara tun 1993, shi ke juya buƙatun manhajar zuwa abin da Linux, tushen Android, ke ganewa, Box64 kuma ya juya umarnin Intel zuwa na ARM. Winlator, da ya fito a 2023, ya haɗa su a ƙunshi guda don Android.

Masu tallata wannan hanya sukan kafa hujja da Steam Deck, kwamfutar tafin hannu da kamfanin Valve ya fitar a 2022, wadda ke buɗe dubban wasannin Windows a kan Linux ta hanyar tafinta mai suna Proton. Gaskiya ne, amma akwai abin da ba sa faɗa. Ƙwaƙwalwar Steam Deck ta AMD ce, don haka tafinta ɗaya kawai take buƙata, ga ta kuma da fanka a ciki. Waya kuwa tafinta biyu take buƙata, ba ta da fanka, kuma a watan Maris ɗin Kaduna ko kira ka daɗe kana yi sai ta ɗau zafi. Sannan Winlator ya fi jituwa da wayoyi masu Snapdragon, alhali yawancin Tecno da Infinix da ke hannun mutane MediaTek ne a cikinsu. Yaron da ya ga bidiyon wani yana wasan kwamfuta a waya, ya ƙona datarsa ya sauke, sau da yawa baƙin allo yake tararwa.

Duk da haka ba na raina hanyar tafinta. Tsohuwar manhaja mara nauyi, irin ƙaramin ƙamus ko ta lissafin shago, tana iya tashi lafiya, da dukkan maɓallanta, ba tare da intanet ba. Kuma wanda ya kwana yana fama da saitin Wine ya koyi abin da aji ba ya koyarwa. Irin waɗannan matasan ne cibiyoyi kamar CoLab, da aka buɗe a Barnawa a 2016, ke mayarwa masu rubuta manhaja.

Hanya ta biyu ita ce masu manhajar su sake gina ta don waya. Word da Excel sun shigo wayoyin Android a 2015, ga WPS Office na kamfanin Kingsoft na Sin, ga Collabora Office da aka gina kan LibreOffice. Waɗannan sun san yatsa ne zai taɓa su, ba sa shan batir kamar tafinta, kuma a unguwar da wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ana rage musu kaya a hanya. Excel na waya ba ya gudanar da makro. AutoCAD na waya ya fi ƙarfi a buɗe zane da ɗan gyara, kuma gyaran sai da kuɗin rajista. SPSS, da malamai ke nema a kundin kammala karatu, babu shi a waya ko kaɗan.

Akwai wani sake ƙunshin da ya fi damuna, wanda ba kamfani ke yi ba. Wani da ba a sani ba ya fasa manhajar kuɗi, ya cire mata makulli, ya sake naɗe ta, sai ta riƙa yawo daga waya zuwa waya ta Xender. Wanda ya iya cire makulli ya iya cusa abin da ya so. A cikin wannan wayar kuwa OPay ɗinka yake, nan saƙon lambar sirri na banki ke sauka. Hanyar tafinta ta fi jan mutum zuwa nan, domin kusan duk wanda ke son CorelDRAW a waya ba shi da lasisinsa. Ban ga ribar da za ta sa mai shago ya saka asusunsa a wannan caca ba.

Idan aikin rubutu ne, ko lissafin ciniki, ko cike takardar neman aiki, sabon gini ya yi wa tafinta nisa. A ƙara masa ƙaramin allon rubutu na Bluetooth, ɗalibi zai iya rubuta babi guda a waya ya kai shagon buga takardu a Narayi ko Unguwar Television. Tafinta kuwa na mai son koyo ne da mai tsohuwar manhajar da ba ta da madadi. Amma zanen bene mai hawa uku da za a miƙa wa malami ranar Litinin, wannan sai kwamfuta, ko ta aro ce. Mai shirin sayen ta gwanjo ya duba shekarunta tukuna: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma ba ya karɓar yawancin ƙwaƙwalwar Intel da ta girmi zubi na 8.