Gumi da Rawar Ɗari

Ko a Sakkwato ne cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ko a Jos da asubar hunturu, ɗumin cikin jikin mai lafiya ba ya nisa da digiri 37. Mai gadin wannan ma'auni wani ɗan sashe ne a gindin ƙwaƙwalwa, haifotalamus, wanda ke auna ɗumin jinin da ke ratsa shi, yana kuma samun labari daga fata. Damuwarsa duka a kan ƙwaƙwalwa da zuciya da hanta take. Don su tsira, a shirye yake ya sadaukar da ruwan jiki, ko ɗumin yatsu.

In rana ta take, sai jijiyoyin jinin fata su buɗe, jini ya kwaso zafi daga ciki, gumi ya tsattsafo. Sai dai gumin da ya bushe a kan fata ne kaɗai ke tafiya da zafi, kamar yadda naso a bayan randa ke sanyaya ruwan cikinta. Wanda ya ɗiga ƙasa asara ne. Shi ya sa daren da hadari ya haɗu bai zubar ba ya fi gallabar mutum: iska ta ƙoshi da laima, jiki ya yi sharkaf, sauƙi kuwa babu. Lebura a cikin rana yana iya zubar da lita guda a awa ɗaya, kuma wannan bashi ne, ruwan sha kaɗai ke biyansa. Da sanyi kuwa jijiyoyin nan tsukewa suke yi, yatsu su ƙandare, tsokoki su kama rawar ɗari don su haifar da ɗumi.

Wani zai ce, in gadin ya kai haka, me ya sa mai zazzaɓin cizon sauro ke kaiwa digiri 39 ko 40? Ai mai gadin ne da kansa ya ɗaga ma'aunin, saboda saƙon da garkuwar jiki ta aiko masa. Dalili ke nan da za ka taɓa mara lafiya ka ji rau, alhali haƙoransa na haɗuwa yana neman bargo: jikinsa bai kai inda aka sa masa ba tukuna. In ma'aunin ya sauko, sai gumi ya karyo. Wanda zafin rana ya kayar kuwa, ma'auninsa na nan daram, hanyoyin sanyayawar ne suka gaza. In ya fara sambatu ko ya suma, a ja shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.