Zaɓen Tsirkiya Mai Sulɓi ga Jitar Bes ta Lantarki

Jitar bes, wato jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri wadda ke riƙe gindin kiɗa tare da ganguna, tana da wata matsala da ƙananan jitoci ba su cika fuskanta ba. Tsirkiyarta mafi ƙasa tana kaɗawa kimanin sau 41 kacal a daƙiƙa guda, kuma kafin waya mai tsawon inci 34 ta kaɗa a hankali haka sai ta yi nauyi sosai, alhali idan aka yi ta da zallar ƙarfe mai kauri za ta sandare ta ƙi lanƙwasuwa. Maƙera sun warware wannan ta hanyar ɗaukar siririyar wayar ƙarfe a matsayin zuciya, sannan su naɗe ta da wata waya don ƙara mata nauyi ba tare da ta rasa laushi ba. Siffar wayar naɗin ita ce ta raba tsirkiyoyin gida biyu: idan zagayayyiya ce, bayan tsirkiya yakan fito da tudu da kwari, mai kaushi a yatsa, idan kuwa shimfiɗaɗɗen zirin ƙarfe ne da aka jera gefe da gefe aka goge, sai a sami tsirkiya mai sulɓi, wadda masu sana'ar ke kira falat.

Mai sulɓin ita ce ta asali. Lokacin da Leo Fender ya fitar da Precision Bass a Kalifoniya a shekarar 1951, da irinta ya ɗaura mata, domin burinsa shi ne samar da abin da zai maye gurbin babban gogen Turawa na tsaye, mai gajeren amo mai zurfi. Haka aka tafi har zuwa 1966, lokacin da kamfanin Rotosound na Ingila, tare da John Entwistle na ƙungiyar The Who, ya fito da tsirkiya mai kaushi da ake kira Swing Bass 66, wadda ƙararta da tsawon amonta suka dace da kiɗan rok mai ƙarfi. Cikin shekarun da suka biyo baya mai kaushi ta mamaye kasuwa har ta zama ita ce ake samu a kan kusan kowace sabuwar jita, amma hakan bai shafe gaskiyar cewa yawancin fayafayan kamfanonin Motown da Stax, da na farkon Beatles, da na Wailers na Jamaika inda Aston Barrett ke riƙe da bes, da mai sulɓi aka kaɗa su ba.

Bambancin sautin yana da dalili a zahiri. Kowace tsirkiya idan aka taɓa ta, bayan babban amonta na tushe, tana fitar da wasu ƙananan amo na sama waɗanda su ne ke ba sauti ƙyalli da kaifi. A tsirkiya mai sulɓi, gefunan zirin naɗin suna manne da juna a wuri mai faɗi, suna gugar juna yayin kaɗawa, kuma wannan guga tana cinye ƙananan amon na sama da wuri, ta bar tushen da tsakiyar sauti. Sakamakon shi ne bugu mai nauyi a farkon sauti wanda ke sauka da sauri, babu kuma ƙarar nan ta shafar yatsa da ake ji idan hannu ya zame a kan mai kaushi. Masu cewa irin wannan sauti ya mutu suna auna shi ne jita tana ita kaɗai a ɗaki, alhali ba a ɗaki ita kaɗai bes ke aiki ba. A tsakiyar ƙungiya, inda jita da fiyano da muryar mawaƙi suka riga suka cika sama, bes ɗin da ya tsaya a ƙasa ya bar musu fili shi ne ke fitowa fes.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar dukan tsirkiyoyi masu sulɓi a matsayin abu ɗaya, alhali tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi ƙwarai, kuma babban abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ɗauri, wato ƙarfin jan da tsirkiya ke yi idan ta kai sautinta. Ana rubuta kaurin tsirkiya da kashi ɗaya cikin dubu na inci, ta yadda 45 zuwa 105 ke nufin mafi siranta da mafi kauri a cikin saitin. Da yake shimfiɗaɗɗen naɗi ba ya barin gurbi, ƙarfen da ke cikinsa ya fi yawa, saboda haka mai sulɓi takan fi mai kaushi tauri ko da lambarsu ɗaya. James Jamerson na Motown a Detroit ya yi amfani da La Bella masu kauri, daga 52 zuwa 110, waɗanda ya shahara da ƙin canza su sai sun tsinke, ga kuma soso a ƙarƙashin murfin jaki, wato abin da ke tallafe tsirkiyoyi a gindin jita, yana ƙara rage amon. Irin wannan saiti yana buƙatar yatsu masu ƙarfi da wuyan jita mai juriya. A ɗaya gefen akwai Jazz Flats na kamfanin Thomastik-Infeld na Biyana a ƙasar Ostiriya, daga 43 zuwa 100, masu zagayayyiyar zuciya da shimfiɗar siliki tsakanin zuciya da naɗi, waɗanda suke da laushi har wanda ya saba duka da ƙarfi zai ji suna karo da ƙarafan wuyan jita. Wanda hannunsa ke da sauƙi zai ji daɗinsu, mai nauyin hannu kuwa gara ya nemi matsakaicin saiti.

Irin ƙarfen naɗin shi ma yana da tasiri, ko da yake bai kai na ɗauri ba. Nikel yakan ba da sauti mai taushi da tsakiya mai daɗi, yayin da wasu na ƙarfe marar tsatsa, kamar Chromes na D'Addario, suke da kaifi sosai idan suna sababbi. Steve Harris na Iron Maiden, wanda kiɗansa na cikin mafi sauri da ƙara, da mai sulɓi ta Rotosound yake kaɗawa, sai dai yana yawan sabunta ta don kada kaifin ya tafi, abin da ke nuna cewa ba tsofaffin salo kaɗai ta dace da su ba.

Batun tsawo shi ne inda kuɗi ke salwanta. Ƙarshen tsirkiya mai sulɓi yawanci siriri ne da aka lulluɓe da zaren siliki, kuma wannan sashe ne kawai ya kamata ya naɗu a jikin maɗaurin da ke kan jita. Idan sashe mai kauri ya hau maɗauri, zirin naɗin na iya buɗewa ko zuciyar ta karye. Don haka jita mai gajeren wuya ta inci 30, irin Höfner da Paul McCartney ya yi suna da ita, tana buƙatar saitinta na musamman, ba a yanke doguwa a ɗaura mata ba. Haka nan jitocin da tsirkiyarsu ke ratsawa ta cikin gangar jiki kafin ta hau jaki suna tilasta mata lanƙwasa mai tsanani, shi ya sa La Bella ke yin saiti dabam dominsu. Hanyar da ta fi aminci ita ce auna tsohuwar tsirkiya daga ƙwallon gindinta zuwa inda ta wuce matokarin saman wuya kafin a biya kuɗi.

Ga makaɗin da ke aiki a Kano ko Jos ko Yamai, inda tsirkiya kayan waje ce mai tsada, akwai wani dalili na aljihu. Abin da ke kashe mai kaushi shi ne gumi da ƙura da ke taruwa a ramukan naɗinta, kuma zafin bazara da ƙurar hunturu suna gaggauta hakan. Mai sulɓi ba ta da ramukan, goge ta da busasshen ƙyalle bayan wasa ya wadatar, kuma ko da farashinta ya fi yawa a ranar saye, takan yi shekaru a kan jita. Tana kuma kare jita marar ƙarafan wuya, inda mai kaushi ke cin katako kamar magagari. Makaɗin bes Jaco Pastorius, da ya nace wa mai kaushi a kan irin wannan jita, sai da ya shafe wuyan tasa da ƙaƙƙarfan danƙo na jiragen ruwa.

Tana da iyaka, kuma bai dace a ɓoye ba: mai salon marin tsirkiya da babban yatsa da fizgar ta, wanda ƙyallin sama ne ransa, ba zai sami abin da yake nema sosai a nan ba. Wanda ya sauya zuwa gare ta kuma ya sa ran wuyan jita zai ɗan ƙara lanƙwasa saboda ƙarin ja idan saitin mai tauri ne, sai an ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuyan kaɗan kaɗan, kwatan juyi a lokaci guda, sannan a daidaita tsayin jaki. Sabuwar tsirkiya mai sulɓi takan yi ɗan danƙo a yatsa da wata ƙara ta ƙarfe a makonnin farko, kuma sai an kaɗa ta na tsawon lokaci kafin tsirkiyoyin huɗu su daidaita da juna, don haka hukuncin da aka yanke mata a ranar ɗauri ba ya nuna ainihin sautin da za ta zauna a kai.