Ɗalibin jami'a mai shiru-shiru: hali ne ko ciwo?

Ranar da sakamakon jarrabawar bak ya fito, gidan da ɗansu ya ci ba a barci don murna. Bayan ƴan watanni yaro zai ɗauki jakarsa ya hau mota zuwa Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa. Iyaye su sayar da akuya ko buhun gero, su haɗa masa guzuri, su sa masa albarka. Abin da suka fi tunani shi ne abinci da wurin kwana da kuɗin takardu. Amma akwai wata matsala da ba a cika zancenta ba, alhali kuwa tana iya maido da ɗalibi mai ƙoƙari gida hannu biyu. Wannan matsala ita ce fargabar shiga jama'a.

An shirya wannan bayani domin iyaye da yayye da ke da yara a jami'a, maza ko mata. Zai taimake ku ku bambance halin shiru-shiru, wanda ba aibu ba ne, da ciwon fargaba, wanda yake bukatar taimako.

Yaya rayuwar jami'a take?

An buɗe cibiyar karatun gaba da lise a Yamai a shekarar 1971. Ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka kuma sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Tana ƙetaren kogi, a Harobanda. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Saboda haka yau ƴaƴan manoma da makiyaya da yawa suna shiga jami'a, kuma sau da dama su ne na farko a danginsu da suka kai wannan matsayi.

Jami'a ta bambanta da lise. A lise malami ya san ɗalibinsa da suna, in bai zo ba sai a tambaya. A jami'a kuwa ɗalibai ɗaruruwa ne ke zama a babban zaure ɗaya, musamman a shekarar farko. Wanda ya zo da wanda bai zo ba, ba lalle a lura ba. Ɗalibi zai kwana ɗaki ɗaya da waɗanda bai taɓa gani ba, ya bi dogon layi wurin cin abinci, ya shiga ofis da kansa ya nemi takardunsa. Ana raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya a ba su aiki, sa'an nan su tsaya gaban aji su yi bayani da Faransanci. A ƙarshen karatu kuma, sau da yawa ɗalibi yakan kare aikin bincikensa a gaban malamai. Duk waɗannan abubuwa suna bukatar a buɗe baki a gaban mutane.

Abubuwa uku da ake rikitawa

Na farko ita ce kunya. Kunya tarbiyya ce. Yaro ba ya kallon babba cikin ido, suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa, uwa tana kawaici ga ɗanta na fari. Wannan kunya tana da wurinta da lokacinta. Mai ita yana sakin jiki in ya shiga cikin tsaransa, kuma ba ta hana shi neman haƙƙinsa.

Na biyu shi ne halin shiru-shiru. Akwai mutanen da hayaniya ke gajiyar da su, sai sun keɓe su kaɗai suke samun hutu. Sun fi son aboki ɗaya ko biyu a kan taro, sun fi son sauraro a kan surutu, kuma sukan yi tunani kafin su yi magana. Wani likita ɗan ƙasar Suwis mai suna Carl Jung ya bayyana wannan hali a cikin littafin da ya fitar a 1921. Ba ciwo ba ne, kuma ba ya bukatar magani. Mai shiru-shiru yana iya zuwa fada ya sha shayi da abokansa, ya tashi da wuri don ya gaji, ba don yana jin tsoro ba. In aka ce ya tashi ya yi bayani a aji, zai yi.

Na uku shi ne ciwon fargabar jama'a. Mai wannan ciwo yana jin tsoro mai tsanani cewa mutane suna kallonsa, za su ga kasawarsa, su yi masa dariya ko su raina shi. Sau da yawa yana son shiga mutane, amma tsoro ya ɗaure shi. Likitocin Amurka sun sa wannan ciwo cikin kundinsu na cututtukan ƙwaƙwalwa tun 1980, yana kuma cikin jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ga hanya mai sauƙi ta ganewa: mai shiru-shiru in ya zauna shi kaɗai, hankalinsa kwance yake. Mai fargaba in ya zauna shi kaɗai, ya tsira daga tsoro na ɗan lokaci, amma ransa a ɓace yake, yana zargin kansa. Mutum ɗaya yana iya haɗa halin da ciwon, amma ba dole ba ne. Akwai masu son hira da raha waɗanda suke fama da wannan ciwo a ɓoye.

Waɗanne alamomi ake gani?

A jiki: zuciya tana bugawa da sauri, gumi yana karyowa, hannu da murya suna rawa, baki yana bushewa, ciki yana murɗawa. Wani lokaci duk abin da mutum ya haddace sai ya ɓace masa.

A tunani: tun saura kwanaki a yi bayani a aji, ɗalibi ya fara zullumi, barci ya gagara. Bayan an gama kuma sai ya yi ta maimaita abin a ransa, yana neman inda ya yi kuskure.

A aiki: yana zama can bayan zaure, ba ya tambaya ko da bai gane ba. Yana ƙin zuwa wurin cin abinci don kada a gan shi yana ci. Ranar da za a yi bayani sai ya ce ba shi da lafiya. Sannu a hankali ya daina zuwa darasi.

Kowa yana jin faɗuwar gaba in zai yi magana a taro, har manyan malamai. Ana kiran abin ciwo ne in ya daɗe, wajen wata 6 ko fiye, in tsoron ya wuce kima, in kuma ya hana mutum karatu ko sana'a ko zumunci. Galibi yana farawa tun ana ɗan shekara 13 ko kusa da haka. Wato yaro yakan tafi jami'a da shi, can ne abin yake fitowa fili, domin babu iyaye da abokan ƙuruciya da za su rufa masa.

Mi ke kawo shi, mi ke sa ya daɗe?

Ba dalili ɗaya ba ne. Akwai gado, domin yakan bi dangi. Akwai abin da yaro ya gani: tsangwama, ko ba'a daga tsara, ko kunyatawa a gaban aji. Akwai kuma canjin wuri, kamar barin ƙauye zuwa babban birni inda ake wani harshe, ko jin cewa tufafinka da Faransancinka ba su kai na ƴan birni ba.

In mutum ya ji tsoro, jikinsa yana sakin wani sinadari mai suna adirenalin, wanda ke shirya shi gudu ko faɗa. Shi ne ke sa bugun zuciya da gumi. Wannan yana da amfani in an haɗu da maciji a gona. Mai fargaba kuwa jikinsa yana ɗaukar idanun mutane tamkar maciji.

A 1995 wasu masana biyu, David Clark da Adrian Wells, sun bayyana yadda ciwon yake ciyar da kansa. Mai fargaba yana mai da hankalinsa duka a kan kansa: muryata tana rawa, an ga gumina. Saboda haka ba ya duban mutane balle ya ga cewa ba su damu ba. Sa'an nan yana gudun wurin. Gudun yana ba shi sauƙi a ranar, amma yana hana shi gane cewa abin da yake tsoro da wuya ya faru. Gobe sai tsoron ya ƙaru.

Mutane ba su lura da mu kamar yadda muke zato. A wani bincike da aka buga a shekarar 2000, Thomas Gilovich da abokan aikinsa a jami'ar Cornell ta Amurka sun sa ɗalibai su shiga ɗaki sanye da riga mai hoton da suke jin kunyarsa. Ɗaliban sun zaci kusan rabin mutanen ɗakin sun lura da hoton. Da aka tambaya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka lura.

Mi ɗalibi zai iya yi?

1. Ya rubuta abubuwan da yake tsoro, daga ƙarami zuwa babba. Misali: gaida maƙwabcin zama, tambayar malami bayan darasi, cin abinci tare da mutum biyu, yin tambaya a aji, yin bayani gaban allo.

2. Ya fara da ƙaramin, ya yi ta maimaitawa har tsoron ya ragu, sa'an nan ya hau na gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

3. In gaba ya faɗi, kada ya gudu. Ya ja numfashi yana ƙirga 4, ya sake shi a hankali yana ƙirga 6, ya mai da hankalinsa ga abin da ake faɗa.

4. Ya gwada bayaninsa da murya a gaban aboki ɗaya kafin ranar aji.

5. Ya nemi ƙaramar ƙungiyar karatu ta mutum uku ko huɗu, ko ƙungiyar ɗaliban garinsu.

6. Ya samu isasshen barci, ya motsa jiki, ya rage shayi mai ƙarfi da kofi, domin suna ƙara bugun zuciya.

Shi kuma mai shiru-shiru, ya san halinsa. Ya ware lokacin keɓewa, amma kada ya yanke hulɗa, domin labarin canjin lokacin darasi da ranar jarrabawa a bakin abokai ake jin sa.

Mi iyaye za su iya yi?

Kada ku kira yaro miskili, ko mai girman kai, ko rago. Kada ku gwada shi da ɗan wane. Zagi da ba'a suna ƙara ciwon.

In kun kira shi a waya, kada ku tsaya ga tambayar sakamako. Ku tambaye shi: Da wa kake cin abinci? Wa ke zama kusa da kai a aji? Yaushe rabonka da zuwa darasi? In yana jin nauyinku, ku sa yayansa, ko kawunsa, ko gwaggonsa su yi hira da shi.

In akwai ɗan uwa a garin da yake karatu, ku haɗa su, ya riƙa zuwa gaisuwa ranar hutu.

Kada ku yi gaggawar cewa ya dawo gida. Dawowa tana kama da tausayi, amma ita ma gudu ce. Haka nan in ƴarku ce, kada a ce ai kunya ce ta mata a bar zancen. Kunyar da ta hana yarinya shiga aji ta wuce tarbiyya.

Wasu sukan ce iska ce ko sammu. Addu'a abu ce mai kyau, amma ba ta hana neman magani. A haɗa da zuwa likita.

Yaushe za a je likita?

A je in ɗalibi ya fara ƙin zuwa darasi ko jarrabawa, in ya rame, in barci ya gagara, in ya daina jin daɗin komi, ko in ya fara shan ƙwaya don ya samu ƙarfin hali. Tramol da giya da wiwi ba su maganin fargaba. Suna rufe ta na ɗan lokaci, su bar mutum da ciwo biyu. In kuwa ya ce ya gaji da rayuwa, ko yana son ya kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi asibiti a ranar.

Ana iya farawa da ɗakin shan magani na jami'a ko cibiyar lafiya mafi kusa, su tura shi gaba in da bukata. A babban asibitin ƙasa na Yamai akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ɗalibi ya faɗa wa likita duk abin da yake ji. Zuwa wannan sashe ba ya nufin mutum ya haukace.

Magani iri biyu ne. Na farko tattaunawa ce da ƙwararre, mako-mako, na ƴan watanni. Ana koya wa mutum ya binciki tunaninsa, ya kuma fuskanci abin da yake tsoro mataki-mataki. Na biyu ƙwayoyi ne da likita kaɗai ke rubutawa. Sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ba a daina su kai tsaye sai da shawararsa. Kada a sayi maganin tebur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba iri-iri, amma wajen ɗaya cikin huɗu ne ke samun magani, alhali da yawa suna samun sauƙi in sun nema.

Kammalawa

Ya ku masu karatu, ku tuna ranar da malamin yaƙi da jahilci ya fara kiran ku gaban allo. Gaba ya faɗi, alli yana rawa a hannu, kuna gudun a yi muku dariya. Amma kun dawo washegari, har ga shi yau kuna karanta wannan shafi da kanku. Ku ba ƴaƴanku wannan labari, domin hanyar da kuka bi ita ce za su bi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mi ne ne bambancin kunya da halin shiru-shiru da ciwon fargaba?

2. Mi ya sa gudun taro yake ƙara tsoro?

3. Waɗanne tambayoyi za ku yi wa ɗanku ko ƴarku in kun kira a waya?

4. Waɗanne alamomi ne ke nuna lokacin zuwa likita ya yi?